Jirgin ɗana ya ƙi fesa ruwa: in sayi babban famfo ko in ce ya haƙura?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Ina da yaro ɗan shekara 14, tun yana ƙarami ba ya ganin gwangwani ko guntun waya ya wuce. Bana ya ƙera jirgin ruwa da falanki da soso da gwangwani, tsawonsa ya kai santimita 80, ya sa masa farfela da rimot ɗin wata motar wasa da ta lalace. Jirgin yana tafiya lafiya lau. Burinsa ya mai da shi jirgin kashe gobara, ya riƙa fesa ruwa daga wata 'yar bindiga da ya kafa a samansa, ya nuna shi a makarantarsu a makon bikin matasa na watan Fabrairu. Na saya masa ɗan farin famfo mai wayar USB, an rubuta 5V da 120 L/h a ledarsa. Da aka haɗa, sai ruwan ya riƙa tsiyaya a gaban jirgin, ko taku ɗaya ba ya kaiwa. Ya matse bakin tiyon da filaya, bai ƙara komai ba. Na koma wurin mai shago, ya nuna mini wani babba irin na kula mai sanyaya ɗaki, mai 1000 L/h, wanda ake jonawa a bango, ya ce shi ne maganin abin. Abin da zan iya ƙarawa bai wuce jaka shida ba. Mahaifiyarsa tana ganin ɓarnar kuɗi ce, ga karatu a gabansa. Shi kuma yaron duk ya yi sanyi, ya daina taɓa jirgin. In sayi babban, ko in ce ya haƙura?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaron, ya yi masa albarka. Kada ka sayi babban famfon nan, kada kuma ka ce ya haƙura. Abin da jirgin yake buƙata ƙaramin abu ne, kuma wurin masu kayan mota na hannu za ka neme shi.

Bari in fara da wanda mai shago ya nuna maka, don a nan haɗari yake. Duk abin da ake jonawa a bango da wutar 220V yake aiki, wadda ke kashe babban mutum, balle yaro mai jiƙaƙƙen hannu da ke tsugune bakin ruwa ba takalmi. Famfon kula an yi shi ne ya zauna cikin akwatinsa ba mai taɓa shi. Jirgi kuwa ɗaga shi ake yi, a juya shi, a tsoma hannu cikin ruwan da yake kai. Ko kyauta aka ba ka, ka bar masa kayansa. Ko da ma babu wannan haɗarin, ta yaya jirgin da ke yawo a kan ruwa zai ja waya daga bango? Ban ce mai shagon yana da mugun nufi ba. Babbar lamba ya gani ya ɗauka ita ce ƙarfi, kuma mutane da yawa haka suke ɗauka.

Kowane famfo lambobi biyu gare shi. Ta farko ita ce yawan ruwan da yake turawa, lita nawa a awa ɗaya. Ita ce 120 ɗin da ke ledar naku da 1000 ɗin da ke jikin na shago. Ta biyu ita ce tsayin da zai iya ɗaga ruwa sama kafin ƙarfinsa ya ƙare. Ana rubuta ta da mita ko santimita, galibi kusa da harafin H ko Hmax, sau da yawa da ƙananan baƙaƙe a bayan kwali inda ido ba ya zuwa. Nisan feshi yana wurin wannan ta biyun. Ka dubi injin ban-ruwa da masu albasa ke kafawa a bakin kogin Binuwai, ka kuma dubi injin da samari ke wanke babura da motoci da shi a bakin titi. Na farko yana cika fangali nan da nan, amma a bakin tiyo ruwansa ke faɗuwa. Na biyu sai ya jima bai cika bokiti ba, amma in ya same ka a ƙafa sai ka ja da baya. Irin na biyun ɗanka yake nema a ƙaramin jiki, mai shago kuma na farkon yake miƙo maka.

Akwai tsohuwar ƙa'ida a kan wannan, wadda wani masani ɗan Italiya mai suna Torricelli ya bayyana tun shekarun 1640, kuma yaron zai gamu da ita a darasin fiziks in ya yi gaba. Saurin da ruwa ke fita ta ƙaramar kafa ya dogara ne da tsayin ruwan da ke danno shi. Famfon da iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 1, ruwansa ba zai fita da saurin da ya wuce kimanin mita 4 da rabi a daƙiƙa ba, kuma ko an karkata bakin yadda ya fi dacewa, ko babu iska sam, ba zai wuce mita 2 ba. A takarda ke nan. A zahiri bindigar tana sama da ruwa da taƙi ɗaya ko fiye, tiyo yana cin nasa rabon, kuma da zarar ruwa ya fara gudu ƙarfin famfo raguwa yake yi. Irin ɗan farin famfon nan na 5V tsayinsa tsakanin santimita 40 ne zuwa mita 1 da 'yan kai. Ka ga ba lalacewa ya yi ba, iyakar ƙarfinsa ke nan.

Shi ya sa matse bakin tiyo bai yi amfani ba. Amma ina so ka gaya wa yaron cewa tunanin da ya yi ba na banza ba ne. Ya saba ganin ana danne bakin tiyon famfon gida da babban yatsa ruwa ya yi nisa. A can ƙarfin yana nan tun farko, daga tankin da ke sama ko daga injin kamfanin ruwa. Yatsa rage gudun ruwan kawai yake yi, sai ƙarfin da ke salwanta cikin bututu ya taru a baki. Ƙaramar kafa ba ta ƙirƙiro ƙarfi, wanda ke akwai take fitarwa.

Kafin ka kashe ko dala, ka sa shi ya gwada wannan da hannunsa. Ya samo tiyo mai garai-garai, wanda ake ganin ruwa a ciki, tsawon mita biyu. Ya tsoma famfon a bokiti, ya miƙe tiyon a jikin bango, ya kunna, ya ga inda ruwan zai hau ya tsaya. Ya ja layi da gawayi a wurin, ya ɗauki tef ɗin awonka ya auna daga saman ruwan bokiti zuwa layin. Wannan awon shi ne gaskiyar famfon, komai aka rubuta a leda. Yaron da ya ga haka da idonsa ba mai sake ruɗinsa da babbar lamba a kasuwa.

To, me za a saya?

Da ni ne, famfon wanke gilashin mota zan nema. Yana maƙale a gindin farin tankin roba da ke ƙarƙashin bonet, shi ne ke feso ruwa a gilashi in direba ya ja sandar waifa. Tsawonsa kimanin santimita 7 zuwa 8 ne, yana da baki mai kauri na shigar ruwa, siriri na fita, da ƙafafun waya biyu. An yi shi ne takanas don ya tura ruwa kaɗan da ƙarfi ta 'yar mitsitsiyar kafa, wato aikin da ɗanka ke so. Matsinsa yana haura bar 1, bar 1 kuwa daidai yake da tsayin ruwa na kimanin mita 10. Kada ka ce to ashe mita 20 zai fesa. Siririn ruwa iska tana tarwatsa shi tun bai yi nisa ba. Amma mita uku zuwa huɗu abu ne mai samuwa in an gyara bakin, kuma ga jirgi mai santimita 80 wannan ya isa a taru a kalla.

Ka lura da abu biyu wajen saye. Garwa tana kan hanyar manyan motocin da ke tasowa daga Ngaundare zuwa Kusiri da Njamena, don haka kayan tirela sun yi yawa a wurin 'yan gwangwan, su kuma da 24V suke aiki. In ka ba irinsu 12V sai su yi ta juyi a kasalance. Ka duba jikinsa ka tabbata 12V aka rubuta. Sannan akwai masu bakin fita biyu, na gilashin gaba da na baya. Ka ɗauki mai baki ɗaya, ya fi sauƙin haɗawa. Kada ka biya sai an gwada a gabanka. Ku tafi da guntun tiyo da gorar ruwa, mai kayan ya taɓa shi a batirin mota, ku ga ruwan da idonku, ku kuma duba ko yana yoyo ta wurin da roba ta haɗu da injin.

Yana da halaye biyu da dole yaron ya sani. Ba ya zuƙo ruwa da kansa. A mota ma a gindin tanki yake zaune ruwa na gangaro masa. Saboda haka a jirgi dole ya zauna can ƙasa, ƙasa da layin da ruwa ke kaiwa a jikin jirgin. In ya juya babu ruwa a cikinsa, robar da ke tare ruwa daga injin tana ƙonewa. Na biyu, ba a yi shi don dogon aiki ba. Direba daƙiƙa kaɗan yake fesawa ya saki. A kunna shi daƙiƙa 10 zuwa 15, a bar shi ya huta kamar haka ko fiye, a sake. In aka bar shi yana ta aiki minti-minti zai yi zafi ya mutu.

Akwai wani nau'in da ke aiki da 'yar fatar roba mai bugawa a ciki maimakon farfela. A intanet an fi sayar da shi da lambar R385, yana aiki da 6V zuwa 12V, yana ba da lita ɗaya da rabi zuwa biyu a minti, kuma wutar da yake ci ba ta kai amfiya 1 ba. Shi yana zuƙo ruwa da kansa, ana iya ɗora shi sama da layin ruwa, yana kuma jure dogon aiki. Tsayin da masu sayarwa ke rubuta masa mita 3 ne, wato ya ninka na hannunku wajen sau uku amma bai kamo na mota ba, ruwansa kuma da ɗan tsalle-tsalle yake fita. In ka ci karo da shi a wurin masu kayan sola ko masu gyaran na'urori a kuɗin da ba zai ƙure ka ba, ba laifi. Sai dai yashi kaɗan yana hana murafensa na ciki rufuwa. Akwai babban yayansa a cikin injin feshin gona mai batir, mai ƙarfi sosai, amma kada ka yarda a ciro maka daga tsohon injin da aka yi feshin auduga ko na ciyawa da shi. Guba tana zama a cikin robar, kuma wannan ruwan a tsakiyar yara za a fesa shi.

Yanzu bakin bindiga, wanda a ganina shi ne rabin aikin, kuma a shagonka maganinsa yake. Bakin da aka matse da filaya ya zama shafaffe, gefensa da kaushi, ruwa yana fita a warwatse. Abin da ake so kafa ce zagayayya, mai santsi, wadda ke tsukewa a hankali har zuwa baki. Ka dubi 'yar robar man keken ɗinkinka mai dogon tsinin nan. Kamar don wannan aka yi ta. A yanke tsinin, a wanke man da sabulu, a cusa gindinsa a tiyo. Faɗin kafar da ake so milimita 1 ne zuwa 1 da rabi, kuma ma'auninsa yana cikin aljihun kekenka: allurar keke mai lamba 100, wadda ake kuma kira 16, kaurin jikinta milimita 1 ne cif, mai lamba 90 ko 14 ta gaza kaɗan, mai 110 ko 18 ta ɗara kaɗan. Yaron ya fara da kafar da allura 100 ke shiga da kyar, ya fesa, ya auna nisan da tef, ya rubuta. Sai ya sare ɗan kaɗan daga tsinin da sabuwar reza, yanka ɗaya a miƙe, ya sake fesawa ya sake aunawa. Zai ga nisan yana ƙaruwa, ya tsaya, sannan ya fara raguwa. Ya tanadi robobin man keke biyu ko uku, don sai ya wuce wurin da ya fi kyau kafin ya gane shi. Ta biyun sai ya yanka daidai.

Dalilin da ya sa ake bi a hankali shi ne, in ka ninka faɗin kafa sau biyu, ruwan da ke bi ta cikinta sau huɗu yake ninkuwa. A matsin mita 10, kafa mai milimita 1 tana fitar da kimanin kashi biyu cikin uku na lita a minti, mai milimita 1 da rabi kuwa kusan lita ɗaya da rabi. In kafar ta yi faɗi famfo ba zai iya riƙe matsin ba; in ta yi ƙanƙanta ruwan ya zama hazo iska ta kwashe. Wannan ne kuma ya sa nake cewa ya tsaya a bindiga ɗaya. Na san zai so ya kafa biyu ko uku, jiragen gaske haka suke, amma famfo ɗaya in aka raba shi duka bindigogin raunana suke yi. In yana son ado, ya kafa sauran ba tiyo. Wajen karkata bakin, littafi ya ce digiri 45, amma saboda iska ruwa ya fi nisa a wajen 30 zuwa 35. Tiyon kuma ya zama gajere, faɗin cikinsa kamar milimita 4, ba lanƙwasa mai kaifi, kuma santimita biyu ko uku na ƙarshe kafin baki su zama a miƙe.

Daga ina ruwan zai fito? Wasu suna ɗora gora a cikin jirgi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, rabin lita kuma cikin daƙiƙa 20 za ta ƙare da kafa mai milimita 1 da rabi, ga shi ruwan da ke kai-komo a cikin gora yana karkata jirgi. Gara a huda gindin jirgin a sa guntun bututu mai tauri, a liƙe kewayensa da gam mai haɗi biyu irin na liƙin tankin babur, famfo ya sha daga ruwan da jirgin ke kai. A bakin bututun ta waje a ɗaura ƙyallen gidan sauro ninki biyu ko uku. Wannan ba abin rainawa ba ne. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe kafa mai milimita 1. Sai kuma abin da ke nutsar da irin waɗannan jirage: bututun yana ƙasa da ruwa, to in tiyo ya zame daga jikinsa, ruwa zai yi ta shiga ba wanda ya gani sai jirgin ya fara nutsewa. Haka ma ta ɓangaren fita, matsi yana iya fizge tiyo famfo ya juye ruwan a cikin jirgi. Kowane mahaɗi a ɗaure shi tam da siririyar wayar tagulla, a murɗe da filaya. Kafin a saka batir, a bar jirgin a baho na awa guda a ga ko akwai ɗigo. Ɗan farin famfon da ka riga ka saya a nan zai yi amfani: a kwantar da shi a wurin da ya fi zurfi a cikin jirgin, tiyonsa ya leƙa waje, ya riƙa kwashe ruwan da ya shigo. Aikin da ya dace da shi ke nan.

Maganar wuta. Famfon mota yana jan amfiya 2 zuwa 4. Batirin rediyo da ɗan murabba'in nan na 9V ba za su iya ba, ko an jera su da yawa. Ba yawan caji ne matsalar ba, don feshi ashirin na daƙiƙa 15 minti biyar ne kacal. Abin da ake nema batirin da zai iya ba da wuta mai yawa a lokaci ɗaya. Batirin babur zai yi, sai dai nauyinsa yana kai kilo biyu. Ku gwada jirgin a baho da ledojin ruwan sha, kowace mai rabin lita rabin kilo ce, ku ga nawa zai ɗauka kafin ruwa ya matso baki. In ya ɗauki huɗu da sauran sarari, to a aro batirin babur a rufe maganar. In bai ɗauka ba, akwai ƙananan batura na 12V rufaffu, ko kuma batiran litiyam masu lamba 18650 guda uku a jere, waɗanda ke ba da 11.1V kuma duka nauyinsu bai wuce giram 150 ba. Amma litiyam ba abin da za a bar wa yaro shi kaɗai ba ne. In wayoyinsa suka haɗu ko aka yi masa cajin ganganci yana kamawa da wuta, kuma zafin Garwa na Maris da Afrilu, da ke haura digiri 40, ba ya yi masa daɗi. In shi za a yi amfani da shi, mai gyaran waya ko mai haɗa sola ya haɗa shi da allon kariyarsa, a riƙa caji a gabanka, ba a ɗakin kwana ba, kada kuma a bar shi a rana. Kowane iri aka zaɓa, a sa fiyus na mota mai amfiya 5 a kan jar waya, dab da batir, a ɗaure batirin can ƙasa a tsakiyar jirgi.

Kada ya jona famfon kai tsaye a allon rimot ɗin motar wasan. Zai ƙone shi nan take. Allon ya kunna rile, wato ɗan makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa, rile ya kunna famfo daga nasa batirin daban. Wannan aikin minti kaɗan ne a wurin mai gyaran rediyo, kuma a roƙe shi ya liƙa 'yar kafasito mai lamba 104 tsakanin ƙafafun famfon, don tartsatsin injin kada ya riƙa rikita rimot. Yaron ya tsaya a kansa yana kallo yana tambaya. Ya kuma sa ran cewa in ruwa ya fita gaba jirgi zai ja baya kaɗan, in bindigar tana kallon gefe jirgi zai juya. Ba ɓaci ba ne. A kafa ta a tsakiyar jirgin tana kallon gaba, abin zai ragu.

Wurin gwaji kuma, Malam, a nan ina so ka tsaya da ƙafarka. Kada a kai shi kogi. A watan Fabrairu Binuwai ta ja baya, ta bar tafkuna a cikin yashi masu kama da wurin wasa, amma irin wannan kwantaccen ruwan ne katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke zama, cutar kuma ta fata take shiga. Inda ruwan ke da zurfi akwai dorina. Kuma jirgin da ya tsaya a tsakiyar ruwa, yaron da ya ƙera shi zai bi shi ko ya iya iyo ko bai iya ba. A jera bulo a tsakar gida a shimfiɗa tampol a zuba ruwa taƙi ɗaya, ya wadatar, a makaranta ma haka za a yi. In wata rana aka je babban ruwa, a ɗaura wa jirgin igiyar fatsa, kuma da babba a wurin.

Game da mahaifiyarsa, tana da gaskiyarta. Jaka shida kuɗin cefane ne, kuma ta ga an saya sau ɗaya ba a ga komai ba. Kada ka yi abin a bayan idonta. Ka zaunar da su biyun, ka faɗi adadin da ya rage a fili, ka ce daga shi babu ƙari. Yaron ya nuna mata layin gawayin da ke bango, ya yi mata bayanin abin da ya hana na farko aiki da bakinsa, ya kawo a rubuce abin da za a saya da farashin da ya jiyo a kasuwa. In lissafin ya wuce kuɗin, shi zai nemo abin da za a rage ko a aro. A yanka masa lokaci, misali yammacin Laraba da ranar Asabar, sauran ranaku na littafi ne, kuma bayan bikin matasa na 11 ga Fabrairu a ɗaga jirgin a ajiye sai hutu. Ina ganin za ta fi samun natsuwa da wannan fiye da a ce mata kawai ta bari. Ka kuma nuna mata cewa awon tsayi da nisa da lissafin lita da yake yi, shi ne dai abin da ake koya masa a aji. In malamin kimiyyarsu ya ga takardar awon, zai fi jin daɗinta fiye da jirgin kansa.

Kai kuma, in ka ga yana fama, ka daure kada ka karɓe aikin daga hannunsa ko ka kai wa wani ya gama masa. Naka shi ne rakiya kasuwa, tsaro a kan wuta da ruwa, da riƙe tef in yana awo. Sanyin da ya yi na wanda bai san dalilin faɗuwarsa ba ne, kuma gwajin bangon nan kaɗai zai iya dawo da shi kan jirgin tun kafin a sayi komai.

Ranar nuni ya tafi da batir cike da caji, fiyus na biyu, bakin bindiga na biyu da aka riga aka yanka, da allura ɗaya ta zare datti. In ya kunna ya ji famfo yana kuka ruwa bai fito ba, iska ce ta maƙale a ciki: ya kashe nan da nan, ya ɗan danna jirgin cikin ruwa ya girgiza shi, ya sake kunnawa. In ruwan ya fito a raunane, ya fara duba ƙyallen gidan sauron, sannan bakin, sannan batir. Bayan an tashi a ba famfon ruwa mai tsabta ya fesa na 'yan daƙiƙu, a cire batir, a kifa jirgin a inuwa ya bushe. Allah ya ba shi sa'a, ya kuma buɗa maka a sana'arka.